Kwali da ragowar atamfa: wurin zuba kayan wasan yara

Maman Walid: Assalamu alaikum. Barkanmu da warhaka, ya gida ya yara. Don Allah tambaya gare ni ga masu aikin hannu. Ina son in yi akwatunan zuba kayan wasan yara da kwali, irin waɗanda ake lulluɓewa da yadi ɗin nan. Ina da ragowar atamfar anko kala-kala, kwali kuma ba ya wuya a nan Ƙofar Ƙaura. Wane gam ne ke riƙe yadi a jikin kwali ba tare da ya ɓullo ta waje ba? Kuma ya ake yi baki da kusurwoyi su fito tsaf? Wadda ta taɓa yi ta taimaka mani.

Maman 'Yanbiyu: Wa alaikumussalam. Ni dai in za ki ji tawa, ki shiga Babbar Kasuwa ki sayo kwandon roba ki huta. In ya yi dauɗa ki kai bakin famfo ki ɗauraye, shi ke nan. Kwali a gidan da ake da yara? Yau an zubar da kunu, gobe an yi fitsari, jibi wani ya shige ciki ya ce mota ce. Ba zai kai ko'ina ba.

Ummu Hanan (tela): Zai kai, Maman 'Yanbiyu, in an zaɓi kwalin kirki. Yawancin waɗanda nasu ke lalacewa, tun wurin zaɓen kwali aikin ya ɓaci. Ki duba bakin kwali inda aka yanka, za ki ga takarda mai lanƙwasa-lanƙwasa a tsakiya. Kwalin taliya da na biskit layi ɗaya gare su. Na firij, na talabijin, na batirin sola, galibi layi biyu ne, shi ne wanda za ki danna da yatsa ya ƙi loɓawa. Shi ake so. In mai layi ɗaya kaɗai kika samu, ki nemi biyu masu kusan girma ɗaya ki zura ɗaya cikin ɗaya ki manne, ko ki yanko fallen kwali ki ƙara ma kowane bango daga ciki.

Sannan ramukan nan na tsakiya su kasance a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, don nan ƙarfin kwali yake. In suka kwanta, yaro na dafa baki bangon zai karye gida biyu. Marafan sama guda huɗu kuma kar ki yanke ki yar. Ki lanƙwasa su ciki ki manne, kin ga bango ya yi ninki biyu a kyauta, bakin kuma ya fito sumul ba kaifi.

Maman Walid: Ikon Allah, ashe kwalin ma akwai na zaɓe. To gam ɗin fa, Anti?

Ummu Hanan (tela): Farin gam na kafintoci, wanda muke ce ma Top Bond. Duk inda ake sayar da ƙusa da fenti akwai shi. Ki ɗan tsinka shi da ruwa, misali cokali ɗaya na ruwa ga cokali uku na gam, yadda zai shafu da burushi amma ba ya ɗiga. In ruwa ya yi yawa kwalin zai sha ya karkace. Jikin kwali ake shafa mawa, ba yadin ba, nan ne amsar tambayarki. Ki shafa siriri, ki ɗan dakata ya fara danƙo, sannan ki ɗora yadi ki bi da tsohon katin banki daga tsakiya zuwa gefe kina korar iska. Bango ɗaya-ɗaya za ki bi, kar ki shafe duka huɗun lokaci guda. In ya bushe farin zai ɓace.

Yadin kuma ki wanke ki goge tukuna, don wata atamfar tana zuba, wata kuma sitacinta na hana gam kamawa. Mai auduga ta fi shan gam. 'Yar roba santsi gare ta, tana ɗagowa ta baki. In kina shakkar wace ce a hannunki, ki zaro zare ki kai ma ashana: auduga ta ƙone ta zama toka da warin takarda, roba ta narke ta dunƙule. Leshi da matiriyal mai sharara ki bar su, gam zai fito ta ramuka. Tsohon wandon jins, labule, zanin gado, duk suna yi. In atamfar fara-fara ce, ki fara manna farar takarda jikin kwalin, in ba haka ba rubutun kamfani zai riƙa leƙowa ta cikin zane.

Amarya: Anti, ni a bidiyo na ga suna yi da bindigar gam, kafin ki ce me sun gama.

Ummu Hanan (tela): Amarya, ba su nuna maki yadda yake komawa bayan wata shida. Gam ɗin kyandir yana da amfani wurin kama baki da kusurwa, don nan take yake riƙewa. Amma a ƙarƙashin yadi mai faɗi layi-layi yake bari, ki shafa ki ji tudu. Ga shi sai da wuta, ga ƙona yatsa. In kuma aka manta akwatin a rana lokacin zafin Afrilu, yana iya saki. Wanda ba na so ko kaɗan shi ne na masu gyaran takalmi. Yana kamawa ƙwarai, amma warinsa na hawa kai, kuma yana kama wuta kafin ya bushe. Ba na kayan yara ba ne.

Hajiya Babba: Salamu alaikum 'ya'yana, ina ta sauraren ku. Mu a zamaninmu in ana son manna abu ƙaro ake jiƙawa, ko a dama kunun fulawa. Kuma wurin ajiya ba kwali ba ne, adudu ne da kwandon kaba. Adudun mahaifiyata har na yi wayo yana nan, fata ce aka lulluɓe shi da ita. Amma maganar gaskiya, kayan wasan namu nawa ne? 'Yartsana ta kara, 'yan gwangwanayen tuwon ƙasa, maza kuma su yi motar kara, in ta karye gobe su fere wata. Da magariba kowa ya tura nashi ƙarƙashin gado. Ku yanzu kowace Sallah sai an sayo bindigar roba da mota mai kuka, kawu ya kawo, gwaggo ta kawo, har abin ya fi ƙarfin ɗaki. Ni da za ku ji, kafin a nemi akwati sai a rage kayan. 'Ya'yan maƙwabta na nan da ba su da ko ɗaya.

Amarya: Hajiya, ai ku kakanni ku ne kan gaba wurin sayowa. Ranar hawan Sallah wa ke cika masu hannu?

Hajiya Babba: Ja'ira. To in ban saya ma angwayena ba wa zan saya mawa?

Ummu Hanan (tela): Allah ya ƙara girma, Hajiya. Maganar ragewa gaskiya ce. Ƙaro dai a nan ba zai yi ba, don ruwa ke narkar da shi, da ɗanshin damina ya shigo zai fara saki, in ya bushe ƙarau kuma yana farfashewa. Kunun fulawa da na sitaci suna mannewa sosai, sai dai abinci ne kika shafa ma kyankyaso da hannunki.

Maman Walid: Na gode Hajiya, za a rage in sha Allah. Anti, kwalin da ke gabana na auna shi: tsawo inci 16, faɗi 12, zurfi 10. Yadi nawa zai ci?

Ummu Hanan (tela): Madalla da kika auna. Ki zagaye shi da tef: 16 da 12 da 16 da 12, inci 56 ke nan. Ki ƙara 1 na haɗe baki, 57. Zurfi 10, ki ƙara 2 da za su shiga ciki ta sama, 2 da za su shige ƙasa, 14 ke nan. To ƙyalle mai inci 57 da 14 kike buƙata, ki zagaya shi jikin kwalin kamar ɗaurin zani. Ki yanka ta tsawon atamfar, zanen zai tsaya daidai yadda yake tsayawa a jikin mutum. Yadi ɗaya inci 36 ne, faɗin atamfa kuma wajen 45. Ke nan falle ɗaya mai yadi biyu zai ba ki irin wannan ƙyallen har uku, ya rage maki wanda za ki rufe gindin ciki na biyu daga cikinsu.

Ki fara mannawa daga bayan akwatin kusa da kusurwa, don mahaɗar ta ɓuya. In kin zagayo, ki kalmashe bakin ƙarshe ki danne da dutsen guga kafin ki manne, zare ba zai warware ba. Na ƙasa, ki tsaga kowace kusurwa da almakashi amma ki tsaya kafin ki kai jikin kwali, ki kwantar da gajerun ɓangarori tukuna, dogayen su hau kansu. Na sama ba a tsagawa. Ki ja shi ciki, rarar da ta taru a kusurwa ki ninke ta ta kwanta, ki kama da maƙalen shanya har ya bushe.

Ciki kuma kar ki wahalar da kanki da cusa yadi. Ki yanko kwali mara kauri guda huɗu daidai bangayen ciki, ki rage ma kowanne kwatan inci, ki naɗe su da yadin shafi, ki manna su. Su za su rufe maki bakin atamfar da ya shigo. Na biyar na gindi ki naɗe shi amma kar ki manne, ki aje shi kawai. Ran da ɓurɓushin biskit ya taru ki ɗaga ki kakkaɓe.

Malama Maman Iman: Ni ta wata hanyar nake yi a ajinmu. Ina shimfiɗa yadin in ɗora kwalin a tsakiya, in ɗago ɓangarori huɗu. A awon Maman Walid zai zama inci 40 da 36, yadi ɗaya cif. Sai a cire murabba'in da ke kowace kusurwa, a bar inci 1 na kalmasa. Kin ga gindi da bango duk ƙyalle ɗaya ne.

Ummu Hanan (tela): Yana yi, Malama, amma ya fi cin yadi, kusurwoyi huɗun nan asara ne. Kuma in zanen mai sama da ƙasa ne, a bango ɗaya zai tsaya daidai, a ɗaya ya kife, a sauran biyun ya kwanta. Sai dai ga yadi mara zane. Sannan ni ba na son atamfa a gindi ma, ita ke fara shan ruwa.

Maman 'Yanbiyu: To kun zo inda nake jira. Ku yi ta lissafin inci, ni kyankyaso nake tambaya. Duk wadda ta taɓa ɗaga kwali a sito ta san abin da ke fitowa. Cikin ramukan nan da Anti ke yabo suke ɓuya su yi ƙwai. Ga ɓera. Ga mai aiki ta zo da mofa ta jiƙa ƙasa. Abin da yaro zai ɗauka ya kai baki ne fa za a zuba ciki. Araha ba ta ado, ni roba ta fi mani kwanciyar hankali.

Maman Sadiq (Daura): Maganarki na kan hanya, ni ma sai in ƙara da gara. Mu nan Daura a tsofaffin gidaje na cikin gari, in ƙasan ɗaki ba tayil ba ne ko bangon na ƙasa ne, kwalin da ya zauna wuri ɗaya a jingine da bango, musamman a Agusta da ruwa ya kankama, ta ƙasa za ta shige shi ba ki sani ba. Daga waje lafiya lau, ki ɗaga ki ga gindin ya zama ƙasa. Abin da muke yi, mu yanko guntun ledar tsakar ɗaki, irin mai kaurin nan, mu manne a gindi ta waje ta ɗan hau bango da inci 1. Buhun shinkafa ma na yi. Kuma ba a barin shi manne da bango, ana jan shi kullum wurin shara. Gara ba ta son abin da ake motsawa. Wasu na manna marafan gorar ruwa huɗu su zama ƙafafu.

Sista Maman Amir: Ledar ta yi, amma marafan gora a bar su in akwai mai rarrafe. Ɗaya na ɓallewa baki zai kai. Gara a ɗora akwatin kan ɗan benci ko guntun katako.

Ummu Hanan (tela): Na kyankyaso kuma, kafin a fara aiki a warware kwalin a kakkaɓe, a shanya shi a rana ya gasu ciki da waje. Bayan an haɗa, duk bakin da ramuka suka bayyana a bi shi da salatef na takarda, irin na masu fenti, a toshe. Na takarda na ce, don gam ba ya kama mai sheƙin nan, shi ma wanda ya zo jikin kwalin a ɓare shi. Kwalin da ya ɗauko mai, sukari ko kifi a bar ma masu shago abinsu. Wanda ya ɗauko maganin feshi na gona ko na sauro kuwa ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa. Sauran kuma tarbiyya ce: ba a cin abinci a jefa saura cikin kayan wasa.

Hajiya Babba: Ku jefa kafur biyu-uku a ƙasan kowanne. Ba ƙwaron da zai kusanta. Mu da shi muke ajiyar kaya tun fil azal.

Sista Maman Amir: Hajiya, ki gafarce ni, a nan kam zan saɓa maki. Kafur ɗin nan farare masu kama da alewa, su ne abin da na fi tsoro a ɗakin yara. Na farko, yaro na ganin shi zai ɗauka minti ne. Na biyu, akwai wata larura ta gado da ake kira G6PD, tana da yawa a nan Afirka, kuma ta fi bayyana ga 'ya'ya maza. Mai ita lafiyarsa ƙalau, iyaye ma ba su san yana da ita ba, har sai ya haɗu da wasu abubuwa, cikinsu har da sinadarin da ke cikin kafur. Sai jajayen ƙwayoyin jininsa su riƙa fashewa, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jini ya yi ƙasa. Ba sai ya haɗiya ba, shaƙar warin da sa tufafin da suka kwana cikinsa ma na iya jawowa, musamman ga jarirai. Shi ya sa muke hana a aje kayan jariri da shi, don yana cikin abubuwan da ke tsananta shawara bayan haihuwa.

Hajiya Babba: To, Sista. Mu dai duk da shi muka rene ku, ga ku nan kun zama ma'aikatan asibiti.

Sista Maman Amir: Haka ne Hajiya, Allah ya saka maku. Ba kowane yaro yake taɓawa ba, shi ya sa ake ganin kamar ba komai. Matsalar ita ce ba a gane mai larurar da ido, sai an gwada jini. A cikin akwatin zannuwanki da ke kulle, wannan daban. Cikin kayan da jikokinki ke tsotsa ne nake roƙon a bari.

Hajiya Babba: Na ji. Allah ya tsare mana su.

Amarya: To a ɗan fesa fiya-fiya a kwalin kafin a rufe da yadi mana?

Sista Maman Amir: A'a, Amarya. Kwali na shanye duk abin da aka zuba mashi. Irin waɗannan masu ƙarfin asalinsu na gona ne, tun 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da su barkatai saboda yadda ake shigar da su cikin gidaje. Rana da tsintsiya da toshe ramuka sun isa.

Maman Walid: Kai, yau na ƙaru. Saura marfi. Abbansu ya ce in dai don ƙurar hunturu ce, gara ya sa kafinta ya yi babban akwatin katako guda ɗaya mai marfi da sakata, a zube komai ciki a rufe.

Sista Maman Amir: Ki ba shi haƙuri. Babban akwati mai marfi mai nauyi shi ne wanda ke faɗo ma yaro a yatsa ko a wuya lokacin da ya leƙa yana lalube. Kuma yara na shiga ciki wurin wasan ɓuya, in marfi ya rufe sakata ta faɗa, iska ta ƙare. In dole sai an yi, marfin ya zama mara nauyi wanda ake ɗagewa gaba ɗaya, ba sakata, a huda ramukan iska. Tunda ana maganar jerawa, a ware na manya da na ƙanana. Duk abin da zai shige cikin kwalin tsakiyar tishu, bai dace da yaron da bai kai shekara 3 ba: duwatsun wuya, tayar ƙaramar mota, fasasshen balan-balan. Ƙananan batura masu faɗin kwabo da ke cikin kayan wasa masu kiɗa kuwa, in yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale, cikin awa 2 yana iya ƙona maƙoshi. Asibiti kai tsaye, ba jiran gobe.

Malama Maman Iman: Ni ma ban goyi bayan babba guda ɗaya ba, amma dalilina daban. Na ga wannan a aji shekara da shekaru. In akwati ya yi zurfi, yaro na neman ƙaramar mota ɗaya, abin da zai yi shi ne ya kife shi duka. Sai ki dawo inda kika fito, sai dai yanzu kin kashe kuɗɗi. Abin da ke aiki shi ne ƙanana uku ko huɗu, buɗaɗɗu, marasa zurfi, waɗanda ɗan shekara 3 zai iya ja da kanshi ya ga ƙasansu. Inci 10 ɗin nan na Maman Walid ya yi daidai, kar ta wuce haka.

Kuma a nan ne yadi ya fi roba, Maman 'Yanbiyu. Yaron da bai iya karatu ba ya san kala. Ki ce mashi motoci gidansu ja, 'yartsana gidanta kore, bulo gidanshi mai ganye, zai riƙe. In kika manna hoton abin a gaba, ko kika ɗinka ɗan aljihu kika saƙala guda ɗaya a matsayin alama, ya fi. Wanda ya zaɓi atamfar akwatinshi da kanshi kuma, ki ga yadda yake kishin shi. Ba ado ne amfanin abin ba, amfanin shi ne uwa ta daina duƙawa tana tsince-tsince bayan isha'i. Mu a aji kafin tashi kowa ke maida nashi, a gida kuma kafin kiran magariba ya fi dacewa. Ƙura kuwa, tsohon ɗankwali aka yafa a kai ya wadatar.

Maman 'Yanbiyu: Malama, robar ma ai kala-kala ce. Ja, kore, shuɗi, duk akwai a kasuwa. Kuma ku lissafa mani tsakani da Allah: kuɗin gam, kuɗin salatef, kwalin ma yanzu masu shago sayarwa suke, ga wuni guda da za ki ɓata. Ina arahar take? Abu ɗaya na yarda da shi, roba in ta sha rana tana ƙeƙashewa ta tsage, bakin tsagar kuma yana yanka. Amma har yanzu ba wadda ta faɗa mani yadda za a wanke kwali.

Ummu Hanan (tela): Ba a wanke shi, wannan gaskiyarki ce. Wanda aka manne, goge shi kawai ake da tsumma mai ɗan laima. Shi ya sa ga mai ƙananan yara irinki nake ba da shawarar a ɗinka ma kwalin riga maimakon gam. Awon zagayen ɗaya ne da na ɗazu, zurfin kuma ki ninka shi biyu don za ta rufe ciki da waje, sai dai ki ƙara rabin inci na ɗinki ko'ina, da ɗan saki don auduga na tsukewa in an wanke. Ki ɗinka jaka mai gindi murabba'i da za ta zauna ciki, bakinta ya zarce sama ya kifo waje ya sauko har ƙasa, ki zura roba irin ta ƙugun wando a kalmasar ƙarshe ta kama gindi. In ta yi dauɗa ki zare ki wanke. In kwalin ya mutu ki yar ki sa wani mai girmansa, rigar na nan. Ɗinki ne miƙaƙƙe, ko yarinyar da ta fara koyon keke za ta iya. Wurin kyau dai mannannen ya fi fitowa tsaf, shi ne na falo. Mai rigar na ɗakin yara.

Batun kuɗi kuma, mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Wadda za ta sayi sabuwar atamfa don wannan, gara ta sayi robar. Wadda ke da ragowar anko jibge a durowa, gam kaɗai za ta saya, ƙaramar roba ɗaya kuma za ta yi mata akwati da yawa.

Maman 'Yanbiyu: To wannan mai rigar na ji shi da kunnen basira. Amma ni robata zan ci gaba da saye.

Hajiya Babba: Abu ɗaya kar ku manta. Wadda za ta manna takarda a ƙarƙashin yadi, ta duba abin da ke rubuce. Tsohuwar jarida da littattafan Islamiyya na yara ba su rasa aya ko sunan Allah. Kar a sa su inda za a zamna a kai ko a taka.

Malama Maman Iman: Wallahi Hajiya kin tuna mana. Bayan tsohuwar kalanda ma a duba gabanta tukuna.

Maman Sadiq (Daura): Anti, hannun ɗauka fa? Na ga wasu na huda rami, wasu na sa igiya.

Ummu Hanan (tela): Rami ya fi sauƙi ga yaro, amma rufe bakinshi da yadi aiki ne: sai kin tsaga yadin a tsakiyar ramin, ki yi 'yan tsage-tsage kewaye, ki tura ciki ki manne ɗaya-ɗaya. Kuma a bar aƙalla inci 2 tsakaninshi da baki, in ba haka ba zai yage. Ni na fi son ɗamara. Ki ninke ƙyalle gida huɗu ki bi da keke, ki tsaga wuri biyu a bango, ki zura bakunan ciki, ki baje su ki manne, fallen shafi ya hau kansu ya danne. Ta zama gajera, iya shigar hannu, ba wadda kan yaro zai shiga ba. Doguwar igiya ta ja kamar mota kam a'a.

Maman Walid: Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a. Zan yi uku a manne na falo, ɗaya mai riga na ƙaramin. In na gama mannawa in kai rana ya yi saurin bushewa?

Ummu Hanan (tela): A'a, rana kafin aiki ne. Bayan gam, inuwa mai iska, don in gefe ɗaya ya riga ɗaya bushewa kwalin zai karkace. Ki cika cikinshi da littattafai ko wani abu mai nauyi ya danne gindi, maƙalai na baki, ki bar shi ya kwana. Da damina ki ƙara mashi wuni. Sai kin shinshina ba warin gam sannan ki zuba kaya. Wadda kuma ba ta da ƙyallen shafi, akwai buhu guda na guntaye a shago, ta aiko yaro ranar Asabar bayan la'asar, ya taho da leda.